Ranar da Gabas Ta Koma Kudu

A bakin Bahaushen da ya je aikin Hajji ko Umara, kalmar "ziyara" fuska biyu gare ta. Akwai ziyarar Masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da yi masa sallama, wadda ita ce ta kai mutum Madina tun farko. Akwai kuma wadda ake yi a mota. Wata safiya cikin 'yan kwanakin da alhazai ke yi a birnin, sai a jera manyan motoci a ƙofar masauki, a zuba mutum arba'in ko hamsin a kowace, a zaga da su Masallacin Ƙuba da na Ƙiblataini da Dutsen Uhudu da wurin da aka yi Yaƙin Gwalalo, a tsaya a shagon dabino, a dawo da su kafin kiran Azahar. Awa huɗu ke nan, wani lokaci ma ba ta cika ba.

A kan wannan ta biyun nake son in tsaya, domin ga mafi yawan mutanenmu ita kaɗai ce ranar da za su taɓa sa ƙafa a ƙasar da aka yi tarihin da suka tashi suna ji a zaurukan karatu. Kuma rana ce mai tsada. A shekarar 2025 kujerar Hajji daga Arewa ta haura naira miliyan takwas. Kawuna, wanda na yi wa rakiya a wannan shekarar, manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Dawakin Tofa, kuma kuɗin kujerarsa amfanin damina da yawa ne da aka kai kasuwar Dawanau buhu-buhu, aka haɗa da bijimai biyu da ya turke. Mai irin wannan guzuri ba ya sa ran komawa. Abin da ya gani a awa huɗun nan, shi zai yi ta faɗa a ƙofar gida har ƙarshen rayuwarsa, kuma daga bakinsa jikoki za su san yadda Uhudu take.

To, me ake gani a zahiri? Gine-ginen dai sababbi ne. Masallacin Ƙuba, wanda aka aza tubalinsa a shekarar Hijira, 622, shi ne masallaci na farko a Musulunci, amma farin ginin nan mai hasumiya huɗu da ake ɗaukar hoto a gabansa an kammala shi ne a 1986, zamanin Sarki Fahad, bisa zanen wani maginin Misira, Abdulwahid al-Wakil. Shi ne kuma ya zana Ƙiblataini na yanzu a daidai wannan tsakanin. Wato duk Alhajin da ya haura arba'in ya girmi bangon da yake jingina da shi. A 2022 ma an sake sanar da aikin faɗaɗa Ƙuba ninki goma. Wanda ya shiga mota da nufin ganin tsofaffin gine-gine irin Gidan Makama ko Gobarau zai dawo da ɗan sanyin jiki, ko da kunya ta hana shi faɗa.

Abin da ya tsufa a Madina, wanda babu sarkin da ya rushe ya sake ginawa, shi ne shimfiɗar ƙasar: inda dutse yake, inda kwari ya bi, tazarar da ke tsakanin wannan wuri da wancan, da kusurwar da kowanne ya faɗa. Wannan ne kayan tarihin da ziyara ke iya nunawa, kuma ba ya ganuwa sai mutum ya san gabas da yamma. A nan ne Bahaushe yake da wata matsala tasa ta kansa, wadda ban taɓa jin an ambata a wurin bita ba.

A wurinmu gabas da alƙibla abu ɗaya ne. Muna cewa wane yana duban gabas, muna nufin yana salla. Ana kwantar da dabba a fuskantar da ita gabas a yanka. Wanda ya tafi Makka a zamanin da, cewa ake yi ya tafi gabas. Daga Kano alƙibla tana gabas ne ta ɗan karkata arewa, saboda haka harshe bai yi ƙarya ba. Amma Madina tana arewa da Makka, da tazarar kilomita fiye da ɗari huɗu, don haka mai salla a Madina kudu yake kallo. Alhajinmu yana sauka, ya ga inda sahu ya fuskanta, sai zuciyarsa ta rubuta "gabas" a wurin, daga nan kuma duk taswirar birnin ta juya masa da rubu'in da'ira ba tare da ya sani ba. Kawu ya lura da abin tun safiyar farko, da idon wanda ya yi shekara sittin yana karanta rana a gona. Muna fitowa daga Harami bayan gari ya waye ya tsaya ya dubi sama, ya ce, "Kai ɗan nan, garin nan daga hagun liman rana take fitowa."

Mun yi dace da ɗan jagora. Matashi ne daga ƙasar Katsina, ɗalibi a Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961 kuma ta yaye malaman Nijeriya masu yawa. Irin waɗannan ɗalibai su ne galibi ke riƙe lasifika a motocin alhazanmu, wasu don lada, wasu don ɗan abin hasafi. Kafin direba ya tayar da mota sai ya ce mu manta da sunayen kusurwoyi, mu tuna tsayuwarmu a sahu cikin Harami. Ƙuba da Makka suna gabanku, in ji shi. Uhudu da Ƙudus suna bayanku. Maƙabartar Baƙi'a tana hagunku. Bai ɗauki minti biyu ba, amma duk abin da ya faɗa a sauran ranar a kan wannan ya dogara.

Amfaninsa ya fara bayyana a Ƙiblataini. Kowa ya san labarin: a shekara ta biyu bayan Hijira, bayan wata goma sha shida ko sha bakwai ana fuskantar Ƙudus, aka yi umarnin a juya zuwa Ka'aba, kuma a unguwar Banu Salima mutane suna cikin salla suka juya. Wanda yake a Kano zai ɗauka ɗan karkatawa ce, domin daga wurinmu Ƙudus da Makka duk gabas-gabas suke. A Madina kuwa ɗaya tana arewa ɗaya tana kudu. Juyawar ta gaba ɗaya ce: liman sai ya zagaya ya koma ɗaya ƙarshen, sahun ƙarshe ya zama na farko, maza da mata su musanya wuri. A ginin yanzu ba a bar tsohon mihirabin ba, sai alama kawai a bangon da ke kallon Ƙudus. Da Malam ya sa mu tsaya a farfajiya muka juya baya gaba ɗaya, na ji wata dattijuwa tana salati a hankali, kamar wadda yau ta fara jin labarin.

Uhudu ce ta fi cin lokaci, kuma ta cancanta. Dutse ne ja-ja, miƙaƙƙe, tsawonsa ya kai kilomita bakwai, ya tare arewacin birnin kamar katanga. A gindinsa akwai fili mai cike da motoci da masu tallar dabino da carbi, da maƙabartar shahidai a killace, sai wani ɗan tudun dutse da mutane ke hawa suna ɗaukar hoto. Wannan tudu shi ne Dutsen Maharba. Bai kama ƙafar Dala ba, ko kusa. Tsoho ma yana hawansa cikin minti biyar.

Muna kan tudun ne Kawu ya yi tambayar da ta buɗe ranar. Ya ce, "Malam, ka ce Makka tana gabanmu in muna salla, Uhudu tana bayanmu. To yaya maƙiyin da ya taso ta gaba aka zo aka gwabza da shi a bayan gari?" Malamin ya yi murmushi, ya ce, "Baba, da kowa zai yi wannan tambayar da aikina ya yi sauƙi." Sai ya nuna da hannu. Gabas da yammacin Madina baƙin dutse ne, wanda Larabawa ke kira harra, ragowar abin da duwatsu masu aman wuta suka zubar ya daskare. Ba fako ba ne irin namu, ba kuma marmara ba; tsibin duwatsu ne masu kaifi da ramuka, waɗanda doki ba ya iya sukuwa a kansu, raƙumi mai kaya kuma wahala yake sha. Wutar ma ba ta daɗe da mutuwa ba a lissafin duwatsu, domin a 1256 wani ya yi aman da kwararsa ta tsaya daf da birnin. Kudu kuma gonakin dabino ne masu duhu da gidaje a cunkushe. Ƙofa ɗaya ce runduna mai dawakai za ta iya shigowa a buɗe, ita ce arewa. Shi ya sa Ƙuraishawa, su dubu uku, suka biyo kwarin Aƙiƙ ta yamma, suka wuce birnin, suka sauka kusa da Uhudu a watan Shawwal na shekara ta uku, wato Maris na 625.

Sai ya ƙara wani abu da littattafan Sira suka kawo, wanda masu wa'azi kan tsallake. Da rundunar ta sauka, sai ta saki raƙuma da dawakanta cikin shukar mutanen Madina da ke wannan yankin. An yi shawara a gari, ra'ayin Annabi (SAW) da wasu manya shi ne a zauna a ciki a jira su, matasa da waɗanda Badar ta wuce su suka matsa a fita. Ni dai tun ina yaro na san wannan a matsayin zumuɗin samari. Manoman da ke tsaye a kan tudun nan ba su ji shi haka ba. Duk wanda ya taɓa wayar gari ya tarar da garke a cikin gerensa ana saura mako biyu girbi ya san abin da ke tafasa a ƙirjin mutumin da aka ce masa ya zauna a gida ya yi haƙuri. Kawu bai ce komai ba, kai kawai ya girgiza, amma har muka bar Madina wannan ne abin da ya fi maimaitawa.

Daga kan tudun sauran labarin yana karanta kansa. Musulmi sun fito su dubu, Abdullahi ɗan Ubayyu ya janye da ɗari uku, saura ɗari bakwai. Suka ba dutsen baya suka fuskanci Madina, maƙiya suka kasance tsakaninsu da gidajensu. Gefe ɗaya ne a buɗe, inda dawakai za su iya zagayowa, kuma wannan ɗan tudun ne ke tsare shi. Aka ɗora maharba hamsin a kansa ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, da umarnin kada su sauka ko me suka gani. Da alamar nasara ta bayyana mafi yawansu suka sauka wajen ganima, Khalidu ɗan Walidu, wanda bai musulunta ba tukuna, ya zagayo da dawakai ta bayan tudun. Mutum saba'in suka yi shahada, cikinsu har da Sayyidina Hamza da Mus'abu ɗan Umairu. Mai tsaye a wurin yana ganin cewa daga ƙwanƙolin tudun zuwa filin ganimar tafiyar 'yan mintoci ce, a gangare kuma. Sai hukuncin da mutum ya saba yanke wa maharban nan daga nesa ya yi laushi, domin ya ga da idonsa yadda saukar ta yi kama da ƙaramin abu.

Rabin motarmu mata ne, kuma Malam bai manta da su ba. Ya ba su labarin Nusaiba 'yar Ka'abu, wadda ta zo shayar da ruwa ta ƙare da takobi a hannu tana kare Annabi (SAW), da na Nana Faɗima, wadda da ta ga ruwa ba ya tsayar da jinin raunin mahaifinta sai ta ƙone guntun tabarma ta danna tokar a kai. Wata Hajiya daga bayanmu ta ce ai har gobe ana yi.

Bayan Uhudu, wurin Yaƙin Gwalalo bai buƙaci dogon bayani ba. Shekara biyu bayan nan, a 627, da taron dangi na mutum dubu goma ya nufo Madina, an riga an san ta inda za su shigo. Shawarar Salmanu Bafarishe ita ce a toshe wannan ƙofa ta arewa da rami daga harra zuwa harra, rundunar Musulmi ta jingina da Dutsen Sala'u. Aka raba aikin kamar gayya, kowane mutum goma kamu arba'in. Larabawa ba su san wannan dabara ba, amma mutumin ƙasar Kano, inda birni da garuruwa da yawa suka zauna cikin ganuwa da gwalalo a bayanta, ba ya buƙatar a fassara masa. Ramin kansa babu shi yanzu, titi da gidaje sun hau kai. Ƙananan masallatan da ake kira Masallatai Bakwai ma an rushe wasunsu, aka gina babba guda a wurin. Na Fatahu ne ke nan a kan dutse, ana hawa da matakala. Minti goma direba ya ba mu.

Minti goma, domin shagon dabino yana jira, kuma a can muka yi kusan awa guda. Ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Motar ziyara tana da araha, wani lokaci ma kyauta ce, saboda mai shago yana ba direba kasonsa a kan abin da fasinjoji suka saya. Ban ga laifin dabino ba, Ajwa tsaraba ce da kowa ke so, kuma kowane ɗan Dawanau ya san la'ada halal ce in an yi ta a sarari. Abin da ke damuna shi ne wanda ke riƙe da agogo. In direba ne, to za a gaggauta tarihi a jinkirta ciniki. Motar da ta biyo bayanmu ba ta da malami. Abokan masaukinmu da ke cikinta sun dawo da hotuna da ledoji, da aka tambaye su Uhudu suka ce dutse ne babba, kuma akwai rana.

Akwai wani dalili mai zurfi da ya sa ake barin waɗannan wurare ba bayani. Hukumomin Saudiyya sun daɗe suna ɗari-ɗari da duk abin da zai kai ga girmama wuri ko kabari fiye da kima. A tsakiyar shekarun 1920 aka rushe ƙubbobin Baƙi'a, kuma har yau manyan allunan da ke bakin maƙabartar Uhudu, cikin harsuna da dama, sun fi mayar da hankali ga abin da ba a yi: kada a shafi bango, kada a ɗebi ƙasa, kada a roƙi mamaci. Masu karanta wannan rubutu sun rabu a kan batun, kamar yadda masallatan unguwanninmu suka rabu, kuma ba zan raba gardamar a nan ba. Abin da na gani kawai shi ne, waɗanda aka bari ba bayani su ne suka fi ɗibar tsakuwa suna ƙullewa a gefen mayafi, domin mutum ya yi doguwar tafiya kuma yana son ya koma da wani abu. Waɗanda aka nuna wa inda dawakai suka zagayo ba su sunkuya ƙasa ba. A 'yan shekarun nan ma mahukuntan sun fara sassautowa, ana gyara wasu rijiyoyi da wuraren tarihi, an kuma buɗe gidan nune-nunen Sira kusa da Harami a 2021.

Kakanninmu ba su san wannan matsala ba, domin lokaci ne abin da suka fi kowa yawa. Kusan kowane gari a ƙasarmu yana da labarin wanda ya tafi gabas a ƙasa: Borno, Wadai, Darfur, a yi noma a wani wuri shekara ɗaya ko biyu a tara guzuri, a kai gaɓar Maliya a Sawakin, a haye Jidda. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ayari guda ya ci gaba, wasu suka zauna a bakin Kogin Nilu suka kafa Mai Wurno a Sudan, wasu suka isa Hijaz. Alfa Hashimu, malamin Tijjaniyya da ya tsira daga Burmi, a Madina ya zauna yana karɓar baƙin Yammacin Afirka har rasuwarsa a 1931. Irin waɗannan mutane sun taka Ƙuba da Uhudu da ƙafa sau ba adadi, sun san harra da tafin ƙafarsu. Mu jirgi ya ɗauke mu daga filin Malam Aminu Kano da daddare, gari bai waye ba muna Madina, kwana biyar aka ce mu haɗa kaya.

Ba na kewar shekara bakwai a hanya. Amma abin da jirgi ya rage ana iya mayar da kaɗan daga cikinsa tun a gida, kuma ba da tsada ba. Maniyyatan Dawakin Tofa, kamar na kowace ƙaramar hukuma, suna yin makonni suna zuwa bita: yadda ake ɗaura harami, yadda ake ɗawafi, abin da ke wajabta fidiya. Wannan shi ne wajibi, kuma daidai ne ya zo farko. Zama ɗaya kacal da alli da allo zai wadatar a zana Harami a tsakiya, Ƙuba a gaba, Uhudu a baya, baƙin dutse dama da hagu, a kuma gaya wa mutane tun daga nan cewa a can alƙibla kudu ce. Malaman da suka yi karatu a Madina ba su yi ƙaranci a ƙasar Kano ba. Su kuma 'yan bokon da ke biya wa iyaye kujera ko Umara ta kamfani, kafin a tambayi tauraron otal, yana da kyau a tambayi wa zai riƙe lasifika ranar ziyara, da harshen da zai yi magana, da minti nawa za a tsaya a Uhudu. In hali ya yi, mutum biyar su haɗa riyal su ɗauki ƙaramar mota da ɗalibi guda, su fita bayan Asuba kafin zafi ya haura arba'in.

Akwai kuma ziyarar da ba ta buƙatar mota ko kaɗan. Ya tabbata cewa Annabi (SAW) yakan je Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙasa wani lokaci a kan abin hawa, kuma yanzu an shimfiɗa hanyar masu tafiya a ƙasa daga Harami har can, kilomita uku da 'yan kai. Kwananmu na ƙarshe ya faɗo Asabar, Kawu ya ce shi da ƙafa zai je. Muka yi alwala a masauki, muka bi ayarin Turkawa da Indunusiyawa, rana tana tasowa daga hagunmu. Minti hamsin muka yi, da hutu ɗaya. Da muka idar da nafila ya zauna yana murza gwiwa, ya ce tafiyar ba ta kai daga gidansa zuwa gonarsa ta fadama ba. Daga nan ya miƙe ya nufi wata garkar dabino da ke kusa da masallacin, yana son ya ga ta inda suke ba ta ruwa.